Yadda Jiki Ke Daidaita Sukarin Jini: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin waɗanda aka gaya wa sukarinsu ya hau, da masu jinyarsu, da ɗaliban aikin lafiya. An jero su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi, kuma inda wata amsa ta jingina da wata an nuna. Bayani ne na yadda jiki ke aiki. Sauya magani ko yawan allura kuwa magana ce tsakanin mutum da likitansa.

Mene ne "sukarin jini"? Shi ne wanda ake zubawa a abin sha?

Ba shi ba ne, ko da yake 'yan uwan juna ne. Wanda ke yawo a cikin jini sunansa gulukos. Sukarin da ake sha haɗin abu biyu ne, gulukos da furuktos, sai hanji ya raba su kafin su shiga jini. Mafi yawan gulukos ɗin da mutum ke samu ma ba daga kayan zaƙi yake zuwa ba, daga sitaci ne, wato hatsi da sauran abinci masu gari. Sitaci ba komai ba ne illa gulukos da aka harhaɗa kamar sarƙa, narkewar abinci kuma ita ce kwance sarƙar, tun daga yawun baki har ƙaramin hanji.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙanƙantarsa. Jinin babban mutum kusan lita 5 ne, kuma duk gulukos ɗin da ke cikinsa kafin ya ci abinci bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Cikin ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Ci ɗaya na abinci kuwa yana iya shigo da ninkin wannan sau goma ko ashirin, amma bayan awa biyu ko uku sai ka tarar jinin mai lafiya ya koma kan cokalinsa guda.

Me ya sa dole sai an tsare shi a wannan ɗan ƙaramin fili?

Saboda ƙwaƙwalwa. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma a hali na yau da kullum gulukos ne abincinta, kimanin giram 120 a rana. Ba ta da rumbun kirki: abin da jini ya kawo mata yanzu, shi take ci yanzu. Jajayen ƙwayoyin jini su kuma ba su iya cin komai ba sai gulukos. Idan sukari ya yi ƙasa sosai, cikin mintoci mutum zai rikice, daga nan sai suma ko jijjiga.

Hawansa kuwa galibi a hankali yake ɓarna. Gulukos mai yawa yana manne wa furotin na jiki, yana cin ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, amma sai an kwashe shekaru. Shi ya sa rabon aikin bai zo daidai ba. Homon ɗaya tak ne ke da aikin sauke sukari kai tsaye, wato insulin, alhali guda huɗu ne a tsaye don ɗaga shi. Jiki ya fi tsoron faɗuwa a kan hawa, kuma kusan duk bayanin da zai biyo baya daga nan ya samo asali.

Shi kansa homon mene ne?

Saƙo ne da wata gaɓa ke zubawa a cikin jini. Jini yana kai shi lungu-lungu, amma ba kowace ƙwayar jiki ke jin sa ba, sai wadda ke da mazaunin da ya dace da shi a bangonta. Insulin ba ya ɗaukar sukari a ka, ba ya ƙona shi. Umarni kawai yake bayarwa, wasu su aikata.

A ina ake yin insulin? Na ji ana cewa a saifa.

Ba saifa ba ce, ko da yake kuskuren ya yaɗu. Saifa aikinta tace jini da taimaka wa garkuwar jiki. Mai yin insulin shi ne fankiriyas, wani dogon nama mai laushi, tsawonsa kusan santimita 15, kwance a bayan tumbi, kansa manne da farkon ƙaramin hanji. Mafi yawan namansa ruwan narkar da abinci yake yi. Amma a warwatse cikinsa akwai 'yan ƙananan gungun ƙwayoyi, kusan miliyan 1, kamar tsibirai a tsakiyar kogi. Wani ɗalibin likita Bajamushe, Paul Langerhans, shi ya fara ganin su a Berlin a 1869, bai kuwa san amfaninsu ba. Har yau da sunansa ake kiran su. Duk ka tattara su ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na fankiriyas ba.

A kowane tsibiri ƙwayoyin beta ke yin insulin, ƙwayoyin alfa na yin kishiyarsa, gulukagon, ƙwayoyin delta kuma na yin somatostatin, wanda ke taka wa duka biyun birki. Zamansu kusa da juna ba banza ba: idan beta ta zuba insulin, maƙwabciyarta alfa ta kan yi shiru. Beta tana kuma fitar da wani homon, amilin, tare da insulin, shi kuma yana sa tumbi ya riƙa sakin abinci zuwa hanji sannu a hankali.

Ta yaya fankiriyas ke sanin sukari ya hau?

Ba wanda ke gaya masa. Ƙwayar beta da kanta take ɗanɗanawa. Gulukos yana shiga cikinta gwargwadon yawansa a jini, ta ƙona shi, ƙarfin da ya fito, wanda ake kira ATP, ya taru. Taruwarsa sai ta rufe wasu ƙananan ƙofofi da sinadarin fotasiyam ke fita ta cikinsu. Da sun rufu, lantarkin da ke bangon ƙwayar ya sauya, ƙofofin kalsiyam su buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki, shi kuma ya tura 'yan jakunkunan da ke maƙare da insulin zuwa bango su zazzage a waje. Sukari da yawa, insulin da yawa. Sukari ya sauka, ƙofofin fotasiyam su sake buɗewa, zubin ya tsaya.

Zubin hawa biyu ne. Na farko mai sauri ne, cikin mintoci 10 na farko, daga insulin ɗin da ke ajiye a bakin ƙofa. Na biyu yana tafiya a hankali muddin sukari bai sauka ba. Ko ba a ci komai ba, insulin yana ɗiga kaɗan-kaɗan dare da rana, kuma wannan ɗigon ya kai kusan rabin abin da jiki ke yi a yini. Ba ya daɗewa a jini: cikin minti 5 ko 6 rabinsa ya ɓace. Gajeren ran nan shi ke ba jiki damar janye umarni da wuri.

A gefe guda, magungunan ciwon sukari irin su gilibenkilamaid wannan ƙofar fotasiyam ɗin suke rufewa, ba tare da sun duba ko sukari na sama ko ƙasa ba. Dalilin da ya sa ke nan wanda ya sha su bai ci abinci ba sukarinsa ke iya faɗuwa.

To idan insulin ya shiga jini, me yake yi?

An saba cewa insulin mabuɗi ne da ke buɗe wa sukari ƙofar ƙwayoyin jiki. Gaskiya ne, amma rabin labari ne. A tsoka da kitse haka abin yake: akwai masu dakon gulukos da ake kira GLUT4, suna ɓoye a cikin ƙwaya, sai insulin ya yi kira su fito bango su fara shigo da shi. Tsoka ce ke kwashe kaso mafi tsoka na sukarin da aka ci. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jiran mabuɗin kowa, ƙofarta a buɗe take kullum.

Ɗaya rabin yana hanta. Jinin da ya baro fankiriyas da hanji ba ya zarcewa cikin jiki, sai ya fara bi ta hanta, a nan ma ake riƙe kusan rabin insulin ɗin tun a zagayen farko. Saƙonsa ga hanta shi ne ta daina zuba sukari a jini, ta koma ajiya. A ganina wannan umarnin ya fi na mabuɗin muhimmanci ga mai son fahimtar ciwon sukari, domin shi ke bayyana yadda wanda bai ci komai ba zai auna ya ga sukari a sama. Insulin yana kuma hana kitse narkewa, yana taimaka wa tsoka ta gina furotin. Duk aikinsa dai na lokacin wadata ne: a ci, a ajiye.

Idan mutum ya kwana bai ci komai ba, daga ina sukarin jininsa ke zuwa?

Daga hanta. Bayan cin abinci tana ɗaure rarar gulukos ta mayar da shi wani nau'in sitaci mai suna gilaikojin, kimanin giram 100. Masanin Faransa Claude Bernard ne ya gano shi a shekarun 1850, ya nuna cewa jiki ba karɓar sukari kawai yake yi ba, yana fitar da nasa. Da sukarin jini ya fara sauka, insulin ya ja baya, ƙwayoyin alfa su saki gulukagon, hanta ta fara kwance ajiyarta. Ba yawan kowannensu shi kaɗai take dubawa ba, wanda ya rinjayi ɗan uwansa take bi.

Tsoka ta fi hanta ajiya, tana riƙe da kusan giram 400, amma marowaciya ce. Ba ta da sinadarin da ke sakin gulukos ya koma jini, don haka abin da ta ajiye nata ne ita kaɗai.

Rumbun hanta ba ya kai mutum nesa. Kafin a cika awa 24 ba abinci ya kusa ƙarewa. Tun kafin nan ta fara ƙera sabon gulukos daga abubuwan da ba sukari ba: amino asid (tubalan furotin) daga tsoka, laktat daga jajayen ƙwayoyin jini, da gilisarol daga kitsen da ya narke. Idan yunwa ta yi tsawo ƙoda ma tana sa hannu a ƙirar.

Idan kuma aka yi kwanaki ba abinci fa?

Da jiki zai ci gaba da yanka tsoka don ciyar da ƙwaƙwalwa, da bai daɗe ba. Sai ya sauya dabara. Insulin ya yi ƙasa ƙwarai, kitse ya narke da yawa, hanta ta mayar da wani sashe nasa kiton, wani sinadari da jiki ke iya ƙonawa ya samu ƙarfi, ƙwaƙwalwa kuma ta koma cin kiton a madadin wani kaso na gulukos. Ɗan insulin ɗin da ya rage shi ke hana kiton wuce gona da iri. Inda babu insulin sam, kamar a ciwon sukari nau'i na 1 da ba a yi wa allura ba, birkin ya tsinke: kiton ya taru har jini ya yi tsami, ga amai, ga ciwon ciki, ga numfashi mai zurfi. Wannan na gaggawa ne, asibiti ake nufa ba jira.

Hanji yana da hannu a ciki, ko aikinsa tsotsar abinci ne kawai?

Yana da hannu, babba ma. Idan aka ba mutum gulukos ya sha, wani lokaci kuma aka ɗura masa ta jijiya har sukarin jininsa ya kai daidai inda na shan ya kai, insulin ɗin da ya fito a shan ya fi yawa nesa ba kusa ba. Dalili shi ne bangon hanji yana sakin homon biyu, GLP-1 da GIP, da zarar abinci ya iso, su riga sukari zuwa wurin beta su ce ta shirya. Rabi ko fiye na insulin ɗin bayan cin abinci albarkacinsu ne. GLP-1 yana kuma danne gulukagon, ya rage saurin tumbi, ya sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi.

Kyawunsu shi ne ba sa tunzura beta sai sukari na sama. Aibinsu kuma ba sa daɗewa: wani sinadari, DPP-4, yana karya su cikin 'yan mintoci. Daga nan masu haɗa magani suka samu hanya biyu, ko a hana DPP-4 aiki, ko a ƙera mai kama da GLP-1 da ba ya karyuwa da wuri. Na farkon irin na biyun, eksenataid, an kwaikwayo shi ne daga yawun wani ƙadangare mai dafi na hamadar kudu maso yammacin Amurka, aka amince da shi a 2005. Semagulutaid da ake ta maganarsa yanzu ɗan gidan ne.

Waɗanne ne homon huɗun da ke ɗaga sukari?

Gulukagon, adirenalin, kotisol da homon girma. Adirenalin da kotisol suna fitowa daga wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda, homon girma kuma daga wani ɗan ƙulli a gindin ƙwaƙwalwa. Ba lokaci ɗaya suke tashi ba, layi-layi ne. Tun sukari na wajen 80 mg/dL (ma'aunin yawan sukari a jini ke nan) beta ta rage insulin. Idan ya gangaro ƙasa da 70, gulukagon da adirenalin su taso, su ne masu aikin nan take: su matsa wa hanta ta zuba, adirenalin ya ƙara da hana tsoka kwasa. Kotisol da homon girma suna biyo baya, nasu aikin sai bayan awoyi ake ganin sa, suna karkatar da jiki ga cin kitse don a bar wa ƙwaƙwalwa gulukos. Duk wannan ya kan faru kafin mutum ya ji komai.

Yaya ake gane sukari ya faɗi, kuma me za a yi?

Ka ɗauki mutumin da ya yi allurar insulin da safe, aiki ya sha kansa bai ci komai ba. Wajen hantsi sai ya ga biro na rawa a hannunsa. Gumi mai sanyi ya jiƙa masa riga alhali ba zafi ake yi ba, zuciya na bugawa fat-fat, ga yunwa kamar ta ƙwaƙule masa ciki. Wannan ba ƙarancin sukarin ba ne kai tsaye, ƙararrawar adirenalin da jijiyoyi ce. Idan bai kula ba sai ƙwaƙwalwa ta fara nuna nata: ya karanta layi ɗaya sau uku bai gane ba, harshe ya yi nauyi, ya hau faɗa ba gaira ba dalili. Mai kallo zai rantse maye ne.

Muddin yana iya haɗiya, a ba shi kusan giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, wato ƙananan cokula 3 zuwa 4 a ruwa, a jira minti 15 a sake aunawa, idan bai hau ba a maimaita, sannan ya ci abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. Allurar gulukagon ake yi, ko ruwan gulukos ta jijiya a asibiti. Allurar gulukagon ma sai hanta na da ajiya take aiki sosai, kamar yadda aka yi bayani a amsar hanta.

Wanda sukarinsa ke yawan faɗuwa, ƙararrawar tana dusashewa, har ya kai ga rikicewa ba tare da rawar hannu ko gumi ba. Ya gaya wa likita, domin kauce wa faɗuwar na 'yan makonni ya kan dawo da ita.

Gaskiya ne damuwa da rashin lafiya suna ɗaga sukari?

Gaskiya ne. Jiki ba ya bambanta tsoro da zazzaɓi da tiyata da rauni: duk alamar haɗari ce, maganinta kuma a tanadar wa ƙwaƙwalwa da tsoka abinci. Adirenalin da kotisol su hau, hanta ta zuba. Mai lafiya sai beta ta ƙara insulin a tafi daidai. Mai ciwon sukari kuwa zai ga lambarsa ta tashi ko da ya kasa cin abinci, shi ya sa dakatar da insulin don "ban ci komai ba" a lokacin zazzaɓi kuskure ne mai haɗari. Magunguna irin su firedinisolon da deksametason kwaikwayon kotisol ne, haka su ma suke yi. Ƙarancin barci na kwanaki ma yana rage yadda jiki ke jin insulin.

Tun daren jiya ban sa komai a baki ba, amma da safe sukarina ya fi na lokacin kwanciya. Ta yaya?

Ba daga ciki ya zo ba, daga hanta ne. Da asuba homon girma da kotisol suna hawa don shirya jiki ya tashi, hanta ta ƙara zubi. Kowa haka yake yi. Bambancin shi ne mai lafiya insulin ɗinsa yana tashi tare da su ya ce wa hanta ya isa, mai ciwon sukari kuwa ko insulin ɗin bai isa ba ko hanta ba ta jin maganarsa. Duba amsar da ta yi bayanin aikin insulin a hanta. Maganin metfomin babban aikinsa ke nan, rage abin da hanta ke zubawa.

Me ya sa motsa jiki ke sauke sukari?

Tsokar da ke aiki ba ta jiran insulin. Motsin da kansa yana fito da masu dakon GLUT4 zuwa bango, ta wata hanya dabam, ko a jikin da ya daina jin insulin. Bayan an gama kuma tsokar tana ci gaba da kwasa don cike rumbunta, jin insulin ɗinta ya ƙaru na yini ɗaya ko biyu. Tafiya a ƙafa bayan cin abinci ba ƙaramin abu ba ce. Sai dai gudu mai tsanani na ɗan lokaci yana iya ɗaga sukari na wucin gadi, saboda adirenalin ya sa hanta ta zuba fiye da abin da tsoka ta kwasa. Mai yin allura kuma ya kula, faɗuwar tana iya zuwa awoyi bayan motsin, har cikin dare.

Me ya haɗa sukari da yawan fitsari da ƙishirwa?

Ƙoda tana tace kusan giram 180 na gulukos a rana, ta mayar da shi jini kaf, ba ta bari ya zube. Amma masu dakonta suna da iyaka. Idan sukarin jini ya haura kusan 180 mg/dL sai kaya su fi ƙarfinsu, rarar ta bi fitsari. Sukari kuwa ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja ruwa. Fitsari ya yawaita, jiki ya bushe, ƙishirwa ta taso, mutum ya rame don abincinsa na zuba a banza. Akwai magunguna na zamani da ke toshe waɗannan masu dakon da gangan don sukari ya fita ta fitsari.

A ina tsarin ke lalacewa a ciwon sukari nau'i na 1 da na 2?

A nau'i na 1 garkuwar jiki ce ke juyowa ta kashe ƙwayoyin beta. Insulin ya ƙare ko ya kusa, dole sai an kawo shi daga waje. Ba shan zaƙi ke jawo shi ba, kuma ko da yake ya fi kama yara da matasa, manya ma yana kama su. Bayan wasu shekaru ƙwayoyin alfa su ma su kan daina amsawa idan sukari ya faɗi, ga shi layin tsaro na farko ya riga ya tafi.

Nau'i na 2, wanda ya kai fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, labarinsa dogo ne. Da farko insulin yana nan, jin maganarsa ne ya ragu a tsoka da hanta da kitse. Gado yana da hannu, haka tarin kitse a ciki da cikin hanta, da rashin motsi, da shekaru. Beta sai ta ɗaga murya, ta ninka zubi, sukari ya zauna daidai, ana iya shekaru a haka ba wanda ya sani. Ciwon yana bayyana ne ranar da beta ta gaza biyan buƙata, kuma abin da ke fara ɓacewa shi ne zubin farko mai sauri da aka ambata a sama, don haka sukarin bayan cin abinci ya kan riga na safe lalacewa. Gulukagon ma ba ya yin shiru lokacin da ya kamata. Wanda aka mayar kan allura bayan shekaru yana shan ƙwaya, ba gazawarsa ba ce, ba kuma allurar ce ta ƙara masa ciwo ba. Beta ce ta ƙara rauni.

Me ya sa wasu mata sukarinsu ke hawa sai suna da juna biyu?

Mabiyiya tana fitar da homon da ke rage wa uwa jin insulin, da gangan, don gulukos ya daɗe a jininta ya isa ga ɗan tayi. Yawancin mata beta ɗinsu tana ƙara ƙoƙari a wuce lafiya. Wadda tata ta kasa, sukari ya hau, galibi a rabin ciki na biyu, shi ya sa ake gwaji tsakanin mako na 24 da na 28. Da mabiyiya ta fita abin ya kan lafa, amma ya riga ya nuna cewa beta ba ta da rara, don haka ta riƙa aunawa a shekarun gaba. Jaririn kuma ana duba nasa sukarin bayan haihuwa: ya saba zuba insulin da yawa a ciki, ga shi an yanke cibiya.

Waɗanne lambobi ne daidai?

Bayan aƙalla awa 8 ba abinci, 70 zuwa 99 mg/dL shi ne lafiya. Daga 126 zuwa sama, idan an maimaita gwajin ya tabbata, ciwon sukari ne. Abin da ke tsakani gargaɗi ne. A gwajin shan giram 75 na gulukos, bayan awa 2 ƙasa da 140 lafiya ne, 200 zuwa sama ciwo ne. Ƙasa da 70 faɗuwa ce, ƙasa da 54 faɗuwa mai haɗari. Idan na'urarka mmol/L take nunawa, raba waɗannan lambobi da 18: 126 ya zama 7.0, 70 ya zama 3.9.

Gwajin HbA1c dabam ne. Yana auna yawan gulukos da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa kusan kwana 120 suke rayuwa, don haka yana ba da labarin wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Kashi 6.5 zuwa sama alamar ciwon sukari ce. Duk abin da ya taɓa tsawon ran jajayen ƙwayoyi, kamar zubar jini ko ƙarin jini ko cutar sikila, yana iya karkatar da sakamakon.

Me ya sa insulin sai da allura? Kuma daidai yake da na jiki?

Insulin furotin ne, amino asid 51 a sarƙa biyu, kamar yadda Frederick Sanger ya warware jerinsu a Ingila a shekarun 1950. Idan aka haɗiye shi, tumbi da hanji za su narkar da shi kamar kowane nama. Tun 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare fankiriyas suka ga ya kamu da ciwon sukari, amma fitar da sinadarin ya gagara sai 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka yi nasara a Jami'ar Toronto ta Kanada, a ɗakin binciken John Macleod, James Collip kuma ya tace shi. A Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko. Shekaru 60 ana amfani da na shanu da aladu, sai a 1982 aka amince da irin na ɗan Adam da ake sa ƙwayoyin bakteriya su ƙera.

Sinadarin ɗaya ne ko kusan ɗaya, hanyar ce ta bambanta. Na jiki hanta yake fara isa, yana ƙaruwa yana raguwa minti-minti. Na allura daga ƙarƙashin fata yake tsiyayowa, kuma da ya shiga ya shiga, ba ya duba ko sukari ya sauka. Aikin da beta ke yi ba tare da tunani ba, shi mai allura ke yi da lissafi: mai dogon zango a madadin ɗigon dare da rana, mai saurin aiki a madadin zubin cin abinci.

Wanda ba shi da ciwon sukari, nasa zai iya faɗuwa?

Da wuya, saboda layukan tsaron da aka lissafa, amma yana faruwa. Giya tana hana hanta ƙera sabon gulukos, don haka wanda ya sha da yawa cikinsa wayam yana cikin haɗari da zarar gilaikojin ya ƙare. Ciwon hanta mai tsanani, ƙarancin kotisol, da cutar da ta bazu a jini duk suna iya jawo shi. Maganin kwinin yana tunzura beta ta zuba insulin. Wanda aka yi wa tiyatar tumbi abinci na iya faɗa wa hanjinsa gaba ɗaya, insulin ya wuce kima, sukari ya rikito bayan awa 1 zuwa 3.

Akwai kuma wani ƙari da ba kasafai ake samunsa ba, insulinoma, wanda ke zuba insulin ba ji ba gani. Likita yana gane shi ta wata hanya mai ban sha'awa. Beta tana ƙera insulin ne a dunƙule, sannan ta yanke wani guntu a tsakiya mai suna C-peptide, ta sake su tare, ɗaya bisa ɗaya. Insulin na kwalba ba shi da wannan guntun. Idan aka ɗebi jini lokacin da sukari ke ƙasa aka tarar insulin da C-peptide duka a sama, daga cikin jiki ne, sai a binciki ƙari ko ƙwayoyin da ke tunzura beta. Idan insulin ne kaɗai a sama, C-peptide na ƙasa, to ta allura ya shigo.